Kader Khan: tsohon da muka ɗauka ɗan barkwanci ne kawai, ashe shi ke sa wa Amita magana a baki

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune wurin mai shayi a Yelwa nan Garwa, wani yaro ya kunna fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a wayarsa, sai ga tsohon nan mai faffaɗar fuska ya fito yana zare ido, tun bai buɗe baki ba majalisa ta kwashe da dariya. Na ce to jama'a wa ya san sunansa? Mu tara ne a wurin, mutum ɗaya ya sani. Sauran wani ya ce surukin Gobinda, wani ya ce baban yarinya, wani ma cewa ya yi "ai bos ɗin nan ne na Coolie". Abin ya ɗan sosa min rai gaskiya, don ni na tashi ne a bideyo kulob ɗin kawuna, ina karɓar dala biyar-biyar a bakin ƙofa, fuskar mutumin nan na fi saninta a kan ta wasu dangina. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ga su nan da amsoshin da na bayar, har da waɗanda ban samu damar ƙarasawa ba saboda kiran magariba.

Wai wane ne shi?

Kader Khan. An haife shi 22 ga Oktoba 1937, ya rasu 31 ga Disamba 2018 yana da shekara 81. Ya fito a fim sama da 300, ya kuma rubuta maganganun da 'yan wasa ke furtawa a fim sama da 250. Wannan lissafi na biyun shi ne mutanenmu ba su sani ba, kuma shi ne ya sa nake wannan dogon surutu.

Ba'indiye ne? Don wasu na cewa Balarabe ne

Ba Balarabe ba ne, kuma ba a Indiya aka haife shi ba. A Kabul aka haife shi, babban birnin Afganistan. Babansa Abdul Rahman Khan mutumin Kandahar ne, malamin addini, mamarsa Iqbal Begum kuma 'yar Pishin ce, garin da yanzu yake cikin yankin Balocistan na Pakistan. Ƙabilarsu Pashtun, waɗanda Indiyawa ke kira Pathan, gidansu kuma Kakar.

Wannan ba abu ne mai wuyar ganewa ba ga ɗan Garwa. Kakar ɗin nan suna zaune ne gefe biyu na iyaka, wasu ta Afganistan wasu ta Pakistan, kamar dai yadda za ka ga gida ɗaya baffa yana Yola goggo tana Garwa, kogin Binuwai ɗaya ake sha amma takardun aljihu daban. Lokacin da aka haife shi ma babu wata ƙasa wai ita Pakistan, sai 1947 aka yanke ta, garin mamarsa a ƙarƙashin Turawan Ingila yake a lissafin Indiya. To ka ga uba daga can, uwa daga nan, ya girma a Bombay, an binne shi a Kanada. In an ce maka ɗan ina ne sai ka ce bawan Allah ne kawai.

Ɗan'uwan su Sharu Khan ne ko Amjad Khan?

A'a. Khan a wajensu kamar ka ce Alhaji ko Malam ne a yawa, ko'ina akwai. Ba su haɗa jini da Shah Rukh ko Salman ko Aamir ba, haka Amjad Khan ɗin Sholay abokin aiki ne, sun sha haɗuwa a fim, amma ba gida ɗaya ba.

To me ya kai su Bombay?

Nan labarin yake da taɓa zuciya, kuma shi da bakinsa ya sha ba da shi a hira. Yana da yayye maza uku, dukansu suka rasu suna yara ɗaya bayan ɗaya. Da aka haife shi sai uwar ta ce ita fa iskar garin nan ba ta karɓi 'ya'yanta ba, ba za ta zauna ta binne na huɗu ba. Kowace uwa a cikinmu ta san wannan tsoron, mu nan sai a sa wa yaro suna Ajuji ko Barmani ko a huda masa kunne, ita kuwa ta ɗaure kaya ta bar ƙasar gaba ɗaya.

Suka sauka a Kamathipura, unguwar da ta yi ƙaurin suna a Bombay, matan banza da mashaya da 'yan daba duk nan ne matattararsu, talauci kuma ba a magana. Auren iyayen ya mutu, uwar ta sake aure, mijin uwar bai riƙe shi da daɗi ba. Ya ce akwai lokacin da a sati sai su kwana uku da yunwa. Yaran unguwa suna zuwa leburanci a ƙananan masana'antu suna samo 'yan kwabbai, shi ma ya tashi zai bi su, uwar ta dafa kafaɗarsa ta ce wannan 'yan kuɗin ba za su fitar da gidan nan daga talauci ba, in yana so ya taimake ta to ya yi karatu. Ya ce maganar nan ba ta taɓa barin kunnensa ba.

Ku riƙe wannan unguwar a ranku, za mu dawo kanta. Harshen da ya ji a lungunanta shi ya zama jarinsa.

Gaskiya ne a maƙabarta ya koyi wasa?

Haka ya faɗa. Uwar kan tura shi masallaci, shi kuma wani lokaci sai ya zame ya shiga wata maƙabarta da ke kusa, ya zauna tsakanin kaburbura yana kwaikwayon muryoyin mutanen da ya gani a ranar, yana ɗaga murya yadda yake so tunda babu mai hana shi. Wata rana da dare wani tsohon ɗan wasa mai suna Ashraf Khan ya haska shi da tocila, ashe yana neman yaron da zai sa a wasan daɓe. Daga nan ya fara hawa dandamali.

Abin mamaki, a Muqaddar Ka Sikandar na 1978 inda ya fito a matsayin wani almajirin Allah, ina ya haɗu da yaron da ya zama Amita, wato Amitabh Bachchan? A maƙabarta. Yaron na kuka a kan kabarin matar da ta riƙe shi, tsohon ya zo yana ba shi haƙuri yana koya masa yadda ake dariya a cikin baƙin ciki. Shi ya rubuta maganar, shi ya faɗe ta. Na kalli wurin nan ya fi sau ashirin ina yaro ban san mutumin rayuwarsa yake karantowa ba.

An ce wai injiniya ne, ya aka yi ya koma fim?

Injiniyan gine-gine ne kuwa, kuma malamin makaranta. Ya koyar a kwalejin injiniyoyi ta Saboo Siddik da ke Byculla a Bombay wajen 1970 zuwa 1975, yana koyarwa da rana yana rubuta wasan kwaikwayo yana fitowa a ciki da yamma. Labarin wani wasansa ya kai kunnen Dilip Kumar, wanda shi ma asalinsa mutumin Peshawar ne mai suna Yusuf Khan, ya sa aka maimaita masa wasan ya gani, ya ba shi aiki a fim biyu, Sagina da Bairaag. Rubutunsa na farko a fim Jawani Diwani ne 1972, fitowarsa ta farko kuma Daag 1973, fim ɗin Rajesh Khanna, ya fito lauyan gwamnati, ɗan wuri kaɗan.

Inda ƙofa ta buɗe sosai shi ne Roti na 1974. Darakta Manmohan Desai ya ba shi ya gwada rubuta ƙarshen fim ɗin, da ya ji abin da ya rubuto sai ya biya shi rupi 121,000, kuɗin da a lokacin malamin makaranta ko a mafarki bai ƙirga su ba.

Kai da kake cewa shi ke sa wa Amita magana a baki, me kake nufi?

A fim ɗin Indiya aikin rubutu kashi-kashi ne. Akwai mai labari, akwai mai tsara shi fitowa-fitowa, akwai kuma mai rubuta ainihin kalmomin da za su fita daga bakin ɗan wasa, kuma sunan kowa daban ake rubutawa a farkon fim. Na ukun nan shi ne fagen Kader Khan.

Kar wani ya tsaye ni da gardama, na sani, Zanjeer da Deewaar da Sholay da Don ba shi ba ne, Salim da Javed ne, su suka ƙera Amita mai fushi wanda ba ya dariya. Amma Amitan da mu muka fi so a nan, mai tsiya, mai shaye-shaye yana surutu, mai faɗa yana ban dariya, ɗan tasha mai zuciyar zinare, wannan yawancinsa daga alƙalamin Kader ya fito. Amar Akbar Anthony da Parvarish a 1977, Muqaddar Ka Sikandar 1978, Mr. Natwarlal da Suhaag 1979, Naseeb da Laawaris 1981, Coolie 1983, Sharaabi 1984, har Agneepath na 1990 wanda Amita ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasa da shi. Dharam Veer na Sarkin Ƙarfi Darmendra ma shi ya rubuta. Kuma manyan daraktoci biyu da ke kishi da juna a zamanin, Manmohan Desai da Prakash Mehra, kowa na da mutanensa ba a tsallakawa, amma shi yana yi wa wannan yana yi wa wancan, duka suka haƙura da shi don babu madadinsa.

Abin da ya kawo sabo shi ne harshe. Kafin shi jarumi a fim yakan yi magana ne da tsabtataccen Hindi ko Urdu irin na littafi. Shi kuwa ya ɗauko yaren titin Bombay, na 'yan dako da direbobi da 'yan daba, wanda ya sha a Kamathipura, ya sa a bakin jarumi, sannan in wurin kuka ya zo ko wurin wa'azi sai ya juya ya zubo Urdu mai nauyi irin na gidan malamai da ya gada wurin babansa. Ku kwatanta mutumin da ya iya Fulatancin babbar kasuwar Garwa da na fadar Lamiɗo duka biyu, ya kuma san inda ake sauke wannan a ɗauki wancan a cikin zance ɗaya. To haka.

In haka ne me ya sa mu ba mu san shi da wannan ba?

Saboda ba ma jin Indiyanci mana! Mu fa da ido muka kalli fina-finan nan. A kulob ɗin kawu kaset ya zo daga Kano ko Maiduguri ya sha kwafi har hoton na rawa, rubutun ƙasan allo in akwai shi da Turanci ne ko Larabci, mu 'yan lekol ɗin Faransanci ba abin da muke tsinta, sunayen farkon fim kuwa kawu wucewa yake da su don a samu lokacin zama na biyu. Akwai wani mai gyaran moto da ke zama a bencin gaba yana fassara wa mutane da ƙarfi, shi ma ba ji yake ba, ƙirƙira yake, wata rana fim ɗaya ya ba shi ma'ana biyu. In na ce "Kawu, me tsohon nan ya ce?" sai ya ce "kai dai kalli fuskarsa ɗana, ai ta gaya maka."

Kuma wallahi ta gaya mana. Nan ne nake ganin girman baiwar mutumin. Babban makaminsa kalma ce, an ƙwace masa ita a gabanmu, amma da gira da wuya da yadda yake jan murya ya sauke ta a hankali kamar mai auna hatsi sai ya cika ɗaki da dariya ko ya sa yara su ɓuya bayan benci. Rabin gwanintarsa muka gani muka ce gwani ne.

Yanzu da fassarar Hausa ta zo an samu sauƙin bin labari, ina jin daɗinta ni ma, sai dai barkwancin da kake ji na mai fassara ne ɗan Kano, ba na Kader ba. Har yau dai rubutunsa bai iso mana ba.

Bos ne ko ɗan barkwanci?

Duka, har da uba nagari da malami. Da bos ya fara yin suna. A Coolie shi ne Zafar, wanda ya buɗe madatsar ruwa ya cinye gari don kawai ya sace matar wani, a ƙarshe ya yi ta ɗirka wa Amita harsashi a hubbaren Haji Ali. Tsofaffin matan unguwarmu har tsine masa suke, wata Inna maƙwabciyarmu in ya fito sai ta tofar da yawu ta ce Allah ya isa. Muguntarsa ba ta ihu ba ce, murmushi yake yi yana magana a sanyaye, shi ya sa take shiga jiki.

Ya ce abin da ya sa ya rage fitowa a bos, ɗansa ne ya riƙa dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga, yara na tsokanarsa wai kullum ana dukan babansa a fim. Daga Himmatwala na 1983, fim ɗin Jitendra da Siridebi, ya karkata ga ban dariya, shi da Shakti Kapoor suka zama kamar ɗan juma da ɗan jummai. Sai zamanin Gobinda da darakta David Dhawan: Aankhen 1993, Raja Babu 1994, Coolie No. 1 1995, Hero No. 1 1997. A nan yaran yanzu suka san shi.

Zan faɗi gaskiya ko da ina son sa, ya yi fina-finan banza da yawa. A shekarun 1980 yana karɓar aiki ba ƙaƙƙautawa daga furodusoshin kudancin Indiya, wani barkwancin mai harshen damo ne wanda ba za ka so ka kalla da surukarka ba, wani kuma maimaici ne kawai. Wannan ya taimaka wajen sa masu sharhi suka raina shi, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

Ya halinsa yake a waje?

Malami ne har ya mutu, in ka ga hirarsa za ka ga yana magana kamar yana gaban allo, a nutse, ba wannan zare idon. Ba mai yawon biki da liyafar 'yan fim ba ne, mace ɗaya ya aura, Azra, da 'ya'ya maza uku. Amma yana da zuciya irin ta Pathan, ba ya lanƙwasa, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa ko zai ɓata wa babba.

Misali shi da Amita. Abokai ne na ƙut-da-ƙut, Amit yake kiransa, har ya shirya zai ba da umarnin wani fim da shi, sai Amita ya ji mummunan rauni wurin ɗaukar Coolie a 1982, daga baya ya shiga siyasa, maganar ta bi ruwa. Kader ya ce bayan nan wani furodusa ya tambaye shi ko ya gaisa da "Sir ji", wato kamar ka ce ranka ya daɗe, ya ce wane ne haka, aka nuna masa Amita. Ya ce shi bakinsa ba zai iya kiran abokinsa ranka ya daɗe ba, daga nan zumunci ya yi sanyi, aiki tare ya ragu. Bakin mutum ɗaya muka ji, ban ce Amita ya yi laifi ba, kuma da ya rasu Amita ya yi ta'aziyya ya yaba masa. Amma duk wanda abokinsa na ƙuruciya ya samu muƙami ya san irin wannan ciwon.

Ya riƙe addini kuwa, ko sunan ne kawai?

Ɗan malami ne, kuma da girma ya zo ya koma kan abin da ya gada. Babansa ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Larabci da addini a Holan, ya kuma roƙe shi ya ci gaba da aikin. Ya koma ya yi karatun Larabci da girmansa, ya ba da shekaru yana tsara darussan koyar da shi cikin sauƙi, irin aikin da ya saba tun yana koyar da lissafin gini. Ya yi aikin Hajji a 2014, jiki ya riga ya yi rauni, 'ya'yansa ne ke tura shi a keke. Tsakaninsa da Ubangijinsa kuma ba ni zan auna ba.

Ka ce an raina shi, ba a ba shi kyaututtuka ba ne?

An ba shi, amma ka auna da aikin. Kyautar fina-finan Indiya ta Filmfare uku: na rubutu a kan Meri Awaaz Suno a 1982, na barkwanci a kan Baap Numbri Beta Dus Numbri a 1991, sai na rubutu kuma a kan Angaar a 1993. Duk jerin fina-finan Amita da na lissafa a sama ko ɗaya bai kawo masa kyauta ba. Lambar girmamawa ta gwamnatin Indiya kuwa, Padma Shri, sai a Janairun 2019 aka sanar da ita, bai cika wata ɗaya a kabari ba. An ba yaran da suka yi suna da kalmominsa tun yana raye yana kallo.

A ina ya rasu, me ya same shi?

A Kanada, inda ɗansa yake zaune a lokacin. Ya yi fama da wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira PSP, mai hana mutum daidaita tafiyarsa, ya taɓa motsin ido da haɗiya, ya kuma sarƙe harshe. Mutumin da ya ci abinci da magana shekara arba'in, a ƙarshe maganar ce ta gagare shi. An sha yaɗa ƙaryar mutuwarsa tun kafin lokaci ya yi, har a wayoyinmu nan ta zagayo. An yi masa sallah a Mississauga aka binne shi a Brampton kusa da Toronto, cikin sanyin Janairu, nesa da Bombay, manyan 'yan fim ba su samu zuwa ba. Allah ya jiƙansa.

To da wanne zan fara in ina so in san shi?

In dariya kake so, Dulhe Raja na 1998, shi ne mai ƙaton otal, Gobinda ya kafa masa rumfar abinci a bakin ƙofa ya hana shi sakat, kamar dai mai tuwo-tuwo ta kafa tukunya a gaban gidan gwamna. Ko Mujhse Shaadi Karogi na 2004 inda kullum yake tashi da sabuwar lalura, yau makaho gobe kurma. In mugunta kake so, Coolie. In kana so ka ga dattijo mai kwarjini wanda ba wasa a fuskarsa, Angaar.

Amma ni shawarata ka nemo Muqaddar Ka Sikandar wanda ba a fassara ba, da muryarsa ta asali. Kar ka wuce sunayen farko kamar kawuna, ka tsaya har ka ga nasa ya fito. In an zo wurin maƙabartar nan ka ce wa yara su yi shiru, ka ƙara sauti.